Jitar Abalak da kalangun da muka jingine

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga yankin Abalak, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ya tsallako iyaka zuwa Sakkwato don ya ɗauki waƙoƙinsa a situdiyo. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. Abin da ya jawo shi shi ne sautin da muke tashe da shi a lokacin: fiyano, gangar kwamfuta, da muryar nan da na'ura ke murɗewa har ta fito siririya kamar ana busa ta ta cikin kara. Waƙoƙin finafinan Kano sun cika wayoyin jama'a tun daga Maraɗi har Agadas, shi ma ya so ya yi irinsu da harshensa na Tamashek. Ya kuwa yi. Faifan bai shiga kasuwa yadda aka saba ba, sai dai ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har ya faɗa hannun wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley da ke tattara waƙoƙin da mutanen Sahara ke ajiyewa a wayoyinsu. Ya sa ɗaya daga ciki a wani tarin waƙoƙi da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, sannan ya bi sawu har ya gano mai muryar.

Yau Mdou Moctar yana cikin makaɗan jitar da ake ji da su a duniya. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa, yatsunsa suna gudu a kan tsarkiya kamar ruwan sama a kan kwano. Su huɗu ne a dandali: jita biyu, jitar bas, da mai ganguna, kowa da hannunsa yake fitar da abin da ake ji. Yana zagaya biranen Amurka da Turai, kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da faifai a 2021 da 2024, kuma har yanzu da Tamashek yake waƙa, yana maganar talaucin Nijar da yuraniyom ɗin Arlit da Faransa ta daɗe tana kwasa. Sautin da ya aro a Sakkwato kuwa tuni ya ajiye shi, ya koma ga kiɗan takamba da na jitar Abzinawa da ya tashi yana ji a gidajen biki. Mu da ya ara a wurinmu, har gobe muna riƙe da shi. Wannan ne abin da ke damuna, kuma a ganina laifin ya fi yawa a kanmu masu saurare fiye da kan mawaƙanmu.

In ka bi tarihin mawaƙan Afirka da suka yi suna kuma sunan ya daɗe, za ka tarar kusan kowannensu ya fara ne da wani abin kiɗa da ya riƙe a hannu tun yana yaro, sau da yawa ma a ɓoye. Mdou da kansa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, domin gidansu gidan addini ne, ba a son kiɗa. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar Tinariwen, yana ɗan shekara huɗu ya ga an kashe mahaifinsa a tawayen Abzinawan Mali na 1963. Ya girma a gudun hijira a kudancin Aljeriya, shi ma ya haɗa jita da gwangwani da sanda da wayar keke. Waƙoƙinsu sun fara yawo ne a kaset tsakanin samarin da ke zaman neman aiki a Aljeriya da Libiya, suna kiran salon assouf, wato kewar gida da kaɗaicin daji. A 2012 suka karɓi Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka. Bombino na Agadas ya yi kiwo, ya yi gudun hijira har sau biyu, kafin a 2019 ya zama ɗan Nijar na farko da sunansa ya shiga jerin 'yan takarar wannan kyauta.

Da na ji labarin gwangwanin Ibrahim sai Ɗan Maraya Jos ya faɗo mini a rai. Ai kuntigi ma gwangwani ne da aka rufe da fata, da tsarkiya ɗaya tak. Da wannan ɗan abin da bai fi tafin hannu ba marigayin ya yi wa ɗan dako da karen mota da ma'aurata waƙa, ya fita ƙasashen waje ya wakilci Najeriya, har Allah ya yi masa rasuwa a 2015. Gwangwanin Abzinawa ya girma ya zama jitar lantarki, ya haifi ɗaruruwan samari masu kaɗawa daga Kidal zuwa Agadas. Namu gwangwanin fa? Matasa nawa ne a Jos ko Bauchi suke koyon kuntigi a yau?

Ali Farka Touré ne ya fi burge ni a cikinsu duka. An haife shi a 1939 a yankin Timbuktu, a gidan da ba su gaji kiɗa ba. Ya fara da ɗan molo mai tsarkiya ɗaya da wata 'yar goge da suke kira njarka, wadda duk Bahaushen da ya gan ta zai ce kukuma ce. Da ya ɗauki jita, bai je ya kwaikwayi Turawa ba, sai ya tilasta wa jitar ta yi maganar molon nan. Da Turawa suka ce kiɗansa ya yi kama da blues na baƙaƙen Amurka, sai ya nuna musu cewa a garinsu saiwar take, can reshe ne kawai. Ya ci Grammy da faifan da ya yi da Ry Cooder, wani makaɗin jita Ba'amurke, ya sake ci da wanda ya yi da Toumani Diabaté, makaɗi ɗan ƙasarsu Mali, amma ya fi son a kira shi manomi. Ya koma Niafunké a bakin kogin Kwara ya yi ta noman rani, a 2004 aka zaɓe shi magajin garin, ya sa kuɗin aljihunsa a gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da injin wuta, har ya rasu a watan Maris na 2006. Shi kansa, duk da abin da ya samu, bai so ɗansa Vieux ya zama makaɗi ba, soja ya so ya shiga. Toumani ne ya taimaka har ya haƙura.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka raina makaɗi cutar Hausawa ce kaɗai. Salif Keita, ɗan gidan sarautar Mande, zabiya ne kuma ya zaɓi waƙa, sai da ya bar gida ya kwana a kasuwannin Bamako kafin ƙungiyar Rail Band ta ɗauke shi, domin a wurinsu waƙa ta jali ce, wato makaɗan gado, ba ta 'ya'yan sarauta ba. Bambancin shi ne, Mali ta raina makaɗi da baki, amma ba ta bari hannunsa ya mutu ba. Bayan samun 'yancin kai gwamnati ta kafa ƙungiyoyin kiɗa na jihohi da na ƙasa, tana biyansu albashi, tana shirya musu gasa, ta buɗe makarantar koyon fasaha a Bamako. Gini ma ta yi haka zamanin Sékou Touré. Gidajen gado kuma ba su saki ba: Toumani, wanda ya rasu a 2024, ya gaji kora, wani babban molo mai tsarkiyoyi da yawa, daga mahaifinsa, ɗansa Sidiki kuma yana kaɗa ta yau a cikin kiɗan zamani, matasa suna cika filin wasa don su gan shi. Bassekou Kouyaté ya ɗauki ngoni, ɗan'uwan molonmu da gurminmu, wanda ake kaɗawa a zaune a bayan mawaƙi, ya ɗaura masa maɗauri ya miƙe tsaye da shi, ya ƙara masa tsarkiyoyi, ya jona shi da lantarki, ya tara manya da ƙanana ya yi ƙungiya guda. Bai jefar da abin kakansa don ya zama ɗan zamani ba, zamanin ya jawo ya shigar da shi cikin abin kakan.

Wani zai ce ai waɗannan kiɗan dattawa ne da Turawa masu yawon buɗe ido, a duba Legas, inda kuɗin yake, ai duk kwamfuta ce. Gaskiya ne da kwamfuta ake haɗa mafi yawan Afrobeats. Amma me ake zuba wa kwamfutar? Burna Boy, wanda ya ci Grammy a 2021 kuma ya cika filin ƙwallo na London Stadium a 2023, jikan Benson Idonije ne, manajan Fela na farko, kuma in ya hau dandali da cikakkiyar ƙungiya yake hawa, da masu busa da masu ganga. Asake da Yarbanci yake waƙa, amshinsa da rangajinsa na fuji ne, shi kuwa fuji daga kiɗan tashin sahur na Musulmin Yarbawa ya samo asali, Sikiru Ayinde Barrister ya raya shi. Gangar nan mai magana da King Sunny Adé ya zagaya duniya da ita tun shekarun 1980, 'yar'uwar kalangu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Senegal, mbalax ɗin Youssou N'Dour a kan gangar sabar yake tsaye. Su sun kai gangarsu situdiyo. Mu mun shiga situdiyo mun bar tamu a bakin ƙofa.

Ba ina cewa mawaƙanmu na zamani ba su da basira ba ne. Duk wanda ya saurari Aminu Ala ko Nura M. Inuwa ko Hamisu Breaker ya san akwai hikimar sarrafa harshe, akwai murya, kuma miliyoyin mutane suna saurare daga Kano har zangon Kumasi da Sudan. Wasu daga cikinsu sukan gayyato masu kalangu da algaita, musamman a waƙoƙin sarauta, kuma duk lokacin da suka yi haka ana jin bambanci nan take. Sai dai abin da ya zama ruwan dare shi ne mutum ɗaya a ɗaki, gabansa fiyano da kwamfuta, ya danna kiɗan da kamfanin ƙasar waje ya riga ya dasa a cikin na'urar, ya ɗora karin da muka saba ji a finafinan Indiya, mawaƙi ya zo ya ɗora baiti. Baitin namu ne, rigar da aka sa masa ta aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. In aka kira mawaƙin biki, sai a kunna faifai ya riƙe makirfo yana bin muryar kansa. Wanda bai jin Hausa ba shi da abin da zai kama a nan, domin duk daɗin yana cikin kalmomi.

A nan ne nake ganin mun yi asarar da ba mu auna ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalma tana hawa tana sauka, ma'ana tana canzawa. Kalangu an yi shi ne daidai wannan: makaɗi ya rataya shi a hammata, ya matse tsarkiyoyin da ke haɗa fatun biyu, sauti ya hau, ya sassauta, sauti ya sauka. Da haka yake kiran sunan mutum, ya yi masa take, ya yi habaici, mahauci ko ɗan dambe ya ji ya tsima ba tare da an buɗe baki ba. Ganga ce mai jin Hausa. Mamman Shata ya yi shekaru fiye da hamsin a kanta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna da kotso, Jankiɗi yana da taushi, Haruna Uji da gurmi, Hassan Wayam da kukuma, Barmani Coge da ƙwarya. Kowanne da ka ji bugu biyu ka san ko wane ne tun kafin ya buɗe baki. A yau ka kunna sababbin waƙoƙi goma a jere, ka rufe ido, ka gaya mini wa ya kaɗa wacce.

Harshe ba shi ne shingen ba. Mutum nawa ne a Landan ke jin Tamashek ko Bambara? Ƙungiyar Tal National ta Yamai tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, da jita da kalangu a haɗe, kuma wani kamfanin Ingila ya fitar musu da faifai a 2013, sun zagaya Amurka. Shugabansu, wanda ake kira Almeida, ya yi aikin alƙali a kotu. Sun kai haka ne don sun yi shekaru suna kiɗa kai tsaye a Yamai, dare bayan dare, sa'o'i a tsaye, har hannuwansu suka san juna. Marigayi Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, da ya ga biram, wani abin kiɗa na masuntan tafkin Cadi, yana shirin ɓacewa, tattaki ya yi ya je ya zauna gaban tsohon da ya rage yana kaɗa shi, ya koya. A ƙauyen Illighadad, kusa da Abalak ɗin nan dai, Fatou Seidi Ghali ta koyi jita da ta yayanta a ɓoye, ta haɗa ta da tende, gangar turmi ta matan Abzinawa. Waɗannan duk maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci da wasunsu.

Kada kuma a ɗauka rayuwarsu hutu ce. A 2012 da 'yan bindiga suka kama Gao da Timbuktu da Kidal sun haramta kiɗa, makaɗa suka watse zuwa Bamako da ƙasashen maƙwabta, bikin kiɗan Sahara da ake yi a arewacin Mali tun 2001 ya tsaya. A Yulin 2023 juyin mulkin Nijar ya rutsa da Mdou da abokansa a Amurka, aka rufe iyakoki, sai da masoya suka yi musu karo-karo kafin su samu abin zama. Kuma na sani kamfanonin Turai da Amurka ne ke zaɓen wanda za a ji, suna son hoton rawani da rairayi da raƙumi, wani gwanin da bai dace da hoton ba sai a tsallake shi. Don haka ba na ɗaukar Grammy a matsayin ma'aunin daraja. Shata bai taɓa cin ta ba, bai kuma rage masa komai ba. Abin da nake kishi shi ne hannu: cewa a Agadas yaro zai tashi ya ga yayansa yana kaɗa abu, ya sa rai shi ma zai iya, kuma in ya iya zai ci abinci da shi ba tare da ya jira ɗan siyasa ya kira shi lokacin zaɓe ba.

Na san akwai mai cewa kiɗa haramun ne gaba ɗaya, me ya kawo wannan dogon zance. Malamai sun yi magana a kai, sun kuma saɓa, kuma ina girmama wanda ya ɗauki wannan matsayi ya tsaya a kansa, bai saurare, bai kira a bikinsa. Maganata ba da shi nake ba. Da mu nake, mu da wayoyinmu ke cike da waƙoƙi, muke hayar DJ da manyan lasifikoki a kamu da dina, muke liƙa wa mawaƙi kuɗi, amma in ɗan makaɗi ya zo neman 'yarmu sai a fara ƙus-ƙus ana cewa maroƙa ne. Mun halatta wa kanmu jin daɗin kiɗa, mun haramta wa mai kiɗan mutunci. Fiyano ta samu karɓuwa ne a wurinmu, a ganina, don ba ta da dangi: yaro zai iya zama gabanta a ce masa injiniya ko furodusa, ba wanda zai tono asalinsa. Kalangu kuwa yana zuwa da sunan gida.

Na ga wannan da idona a bikin 'yar yayata. Da la'asar wani dattijo ya iso ƙofar gida da kalangunsa, yara biyu suna biye da shi. Ya fara taken gidanmu, wanda rabona da jin sa tun kakanmu yana da rai, sai da tsigar jikina ta tashi. Bai kai minti biyar ba samari suka fito suka ce ana gwada lasifika, aka damƙa masa 'yan canji, aka ce Allah ya ba da sa'a. Na bi shi har bakin titi na gaishe shi.

Na ce, "Baba, yaran nan naka ne?"

Ya ce, "Wannan jikana ne, wancan ɗan maƙwabta. 'Ya'yan cikina ba wanda ya ɗauka. Babban yana kabu-kabu, ya ce in ana ganinsa da ganga ba za a ba shi mata ba. Ban ga laifinsa ba, ɗana."

Na tambaye shi ko jikan ya iya. Bai amsa ba, sai ya miƙa wa yaron kalangun. Yaron bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya gyara rataya, ya kalle ni, ya kaɗa sunana da na mahaifina, tsaf, har da hawa da saukar da muke yi in mun faɗa. A bayanmu lasifika ta riga ta fara.

Jami'o'inmu sun yi aiki babba a kan waƙar baka. An rubuta kundaye masu yawa a Zariya da Kano da Sakkwato, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ire-irensa sun tattara baitoci da tarihin makaɗa da ba don su ba da sun salwanta. Amma baiti ake adanawa a takarda, bugu ba ya shiga littafi. Bugun kotso yana hannun wanda ya iya ne kawai, ran da ya rasu ba magaji, shi ke nan. Ina so in ga sassan nan sun ɗauki tsofaffin makaɗa aiki a matsayin masu koyarwa, da albashi, yadda Mali ta yi. Ina so gidajen rediyonmu, da ke da tsofaffin faifai jibge a ɗakunan ajiya, su mayar da su na zamani kafin ƙura da zafi su cinye su. Ina so masu situdiyo su riƙa kiran mai kalangu da mai gurmi su biya su kuɗin aiki, a rubuta sunansu a jikin waƙa kamar na mawaƙi, maimakon a ɗauki bugunsu sau ɗaya a ajiye a kwamfuta ana ta maimaitawa kyauta. Mawaƙan da Allah ya ɗaukaka kuma, ko mutum biyu ne a cikinsu su kafa ƙungiya ta dindindin, su yi atisaye, su hau dandali ba faifai a baya. Zai yi tsada, zai yi wuya a farko, za a yi kuskure a gaban jama'a. Su Tal National ma ta nan suka bi.

Wanda ya fi sauƙi kuwa yana hannunmu masu biki. Bayan sallar layya za a aurar da ƙanwata. Na riga na aika wa dattijon nan, na kuma gaya wa iyayenmu mata da samarin gida cewa daga la'asar zuwa magariba filin nasa ne, lasifika a kashe, kuma abin da za a ba DJ shi za a ba shi, a cikin ambulan, ba a watsa masa a ƙasa ba. An ɗan yi gardama a kan kuɗin, Inna ce ta raba, ta ce ita ma tana son ta sake jin taken mahaifinta. Na roƙe shi ya zo da jikan.